Igiyar da Ta Ratsa Ɗakin Inna

Na daɗe ina koyar da zane a makarantar sakandare a nan Katsina, kuma in ka tare tsofaffin ɗalibaina ka tambaye su abin da suka koya a wurina, abu ɗaya za su faɗa maka, shi ma suna dariya: ma'aunin zinariya. Har sunana ya ɓace a cikinsa. Atiku mahaifina ya raɗa mini, amma daga Ƙofar Kwaya har Ƙofar Kaura, Malam Zinariya ake kirana, ni da ko zoben azurfa ban taɓa mallaka ba.

Abin ba shi da wuya. Ka ɗauki sanda ka raba ta biyu, babba da ƙarami, ta yadda matsayin ƙaramin a wurin babban zai zama shi ne matsayin babban a wurin sandar gaba ɗaya. In aka yi lissafi, babban ya wuce ninki ɗaya da rabi na ƙaramin, amma bai kai ninki biyu ba. Masanan Girka na da can suka rubuta shi, masu zane da masu gini suka ɗauka, suna cewa ido yana hutawa a kansa. Ni na haɗu da shi a kwaleji ina saurayi, a shekarun da abokaina ke haɗuwa da 'yan mata. Su sun warke, ni ban warke ba.

Da shi nake zana allon shago in an kawo mini aiki, da shi na sa kafinta ya raba kantar kwanukan matata Rahinatu, da shi na rataye agogon falonmu, ba a tsakiyar bango ba, can gefe kaɗan. Duk baƙuwar da ta zo sai ta tambayi Rahinatu ko ƙusa ce ta ƙi shiga a tsakiya. Ita kuma takan ce a'a, maigidan ne ya ƙi shiga. Abokin aikina Elisha, malamin lissafi, mutumin Zonkwa da ya tsufa a Katsina har bakinsa ya fi nawa Katsinanci, yakan ce na zaɓi lambar da ta dace da ni, domin in ka fara rubuta ta ba ta ƙarewa, kamar bayanina.

Ban taɓa cutar da kowa da wannan ciwo ba sai bana, da aka zo rabon gidanmu.

Mu biyu iyayenmu suka bari, ni da yayata Hure. Da mahaifinmu ya rasu ba mu taɓa gidan ba, saboda Inna tana ciki. Yaya Hure kuwa, tun da mijinta ya rasu ta dawo gida, sai kuma Inna ta kamu da shanyewar ɓarin jiki, ta zama ita ce hannunta da ƙafarta. Ita ke juya ta, ita ke mata wanka, a ƙasa take shimfiɗa a gefen gadon. Ni kuma nakan zo ran Juma'a da lemo da ayaba, in zauna in yi tambayoyi irin na likita, in tafi. Da Inna ta cika, Yaya ba ta koma ɗakinta ba. Ta ci gaba da kwana a ɗakin Inna, ta hau gadon da ta yi shekaru tana kwana a gindinsa.

Ɗakin nan shi kaɗai ya rage na ƙasa a gidan. Kakanmu ya gina shi, rufin ɗaurin guga, wato bakuna biyu na azara da laka da suka taso daga bango huɗu suka gicciye juna a sama. Da zafi yana da sanyi kamar randa. A ciki aka haife mu duka. Kuma irin wannan rufi ba a yanka masa gefe. In ka cire ƙafar baka ɗaya, sauran ukun za su biyo ta.

Bayan sadakar arba'in, Liman Siddiq na masallacin unguwarmu ya ja ni gefe ya ce gado ba ya son jinkiri. Ya yi gaskiya, kuma ni ma ina da tawa matsalar. Ritaya ta ƙarato, gidan gwamnatin da nake ciki a Ƙofar Kaura za a karɓe, ɗana Khalifa kuma an sa masa rana. Aka tsayar da cewa za a raba gidan ta fuskar titi, kowa ya sami ƙofarsa, kashi biyu nawa, ɗaya na Yaya, kamar yadda shari'a ta ce. Ita ta zaɓi ɓangaren gabas, inda ɗakin Inna yake. Ba wanda ya yi mamaki.

Kafin ranar rabo na je da tef ɗina na auna, don ba na iya ganin bango ban auna shi ba. Abin da na gani ya sa na zauna a kan turmi. Iyakar kashi ɗaya cikin uku ba ta tsaya a bayan ɗakin Inna ba. Ta shiga cikinsa, ta ɗebo mini bangon yamma da abin da bai wuce faɗin tabarma ba. A wannan bangon ƙafar baka take. In aka ja katanga a nan, ɗakin ya tafi, kuma na san Yayata, ba ɗakin kaɗai zan rasa ba.

Ina zaune a kan turmin hannuna ya yi abin da ya saba. Na raba faɗin gidan da ma'aunin zinariya. Layin ya faɗi a bayan bangon yamma, daf da shi, kamar kakanmu ya yi karatu a Girka. Ba zan ɓoye ba, na yi murna irin wadda bai kamata mai makoki ya yi ba.

Na kai wa Rahinatu labari ina rawar jiki. Ta saurare ni tana tsince shinkafa, ba ta ɗago ba, ta ce in bar Girkawa su huta a kabarinsu, in bari a yi rabo yadda Allah ya ce, sannan in buɗe baki in ce na ba Yaya wannan ɗan wurin. Na ce ba ta san Yaya Hure ba. Ta ce ta san ta sarai. Muka tuna buhun shinkafar da na aika mata da azumin bara, wanda ya dawo mana a Keke Napep kafin la'asar, da saƙon cewa ba ta shiga layin masu karɓar zakka ba tukuna. Wannan mata ce zan tsaya gaban mutane in ce na ba ta? Dabarata ita ce kada abin ya yi kama da kyauta ko kaɗan. Zai zama maganar gini ce kawai, maganar masana, katanga ta fi kyau a nan, shi ke nan, ba wanda ya ba wani komai. Rahinatu ta ce to, Allah ya ba da sa'a, da muryar da take faɗa wa Khalifa haka in zai hau babur ba birki.

Ranar Asabar bayan la'asar aka taru a tsakar gida: Liman Siddiq, mai unguwa, dattawa biyu abokan mahaifinmu, da Habibu magini da igiyarsa. Yaya tana zaune a bakin ƙofar ɗakin Inna, ta ja mayafi har goshi. Liman ya yi addu'a, ya karanta ayar gado, ya fassara: namiji yana da rabon mata biyu. Habibu ya auna, ya kafa turke a bakin titi, ya ja igiya zuwa baya. Igiyar ta zo ta tokare da bangon ɗakin, sai da ya hau tsani ya wuce da ita ta kan rufin. Kowa ya ga inda ta bi. Yaya ta ɗaga kai ta dubi igiyar da ke saman kanta, ta sunkuyar.

Nan ne na miƙe, da kwalin da na zana gidan a kai, da babban kamfas ɗina na katako da nake zana da'ira da shi a allo. Mutumin da ya zo rabon gadon uwarsa da kamfas, ai ka san akwai magana.

Na yi musu darasin da nake yi wa 'yan aji huɗu. Na kawo sanda, na kawo katantanwa, na kawo jerin 'ya'yan furen da ke bin rana. Dattawan nan suna kallona da haƙuri irin na waɗanda suka san mahaifin mutum. Da na ga ba su kama ba, sai na ƙara wuta, kamar yadda nake yi in aji ya yi sanyi. Na ce biyu da ɗaya rabo ne mai kaushi, ido ba ya hutawa a kansa, akwai rabon da ya fi shi kyau.

Ban ji abin da na faɗa ba sai da na ga fuskar Liman.

"Ya fi wanne kyau, Malam Atiku?" Ya tambaya a hankali.

"Allah gafarta Malam, ina nufin a ido. A wajen gini."

"Yanzu na karanta maka rabon. Ka san wanda ya yi shi."

Na fara bayanin cewa ba haka nake nufi ba, kuma duk wanda ya san ni ya san bayanina ba ya gyara komai, tsawo kawai yake ƙarawa. Ɗaya daga cikin dattawan ya tashi ya sa takalminsa. Mai unguwa ya ce a ɗage zaman. Da na waiwaya, Yaya ta shige ɗaki ta saki labule.

Kafin sallar isha'i maganar ta riga ni isa Ƙofar Kaura. Washegari ta yi ƙiba. Wai Malam Zinariya ya ce ya samo rabon gado a littafin Turawa wanda ya fi na Alƙur'ani. Wai da kamfas zai riƙa raba wa mutane. Khalifa ya shigo da waya a hannu, ya kunna mini muryar wani da ban sani ba, yana ba da labarin zaman filla-filla kamar a cinyarsa aka yi, yana kiran sunan makarantarmu. A masallaci wanda ke kusa da ni a sahu ya bar tazarar da akuya za ta iya wucewa. Iyayen yarinyar da Khalifa zai aura suka aiko a ji ko lafiya.

Ranar Litinin Elisha ya same ni a ɗakin malamai, ya rufe ƙofa. Na zaci zai yi mini tsiya, har na shirya amsa. Bai yi ba. Ya ce shi baƙo ne a garin nan komai daɗewarsa, kuma baƙo ya fi ɗan gari sanin irin maganar da ba a bari ta kwana biyu a titi. Ya ce in tashi yanzu in tafi wurin Liman, zai riƙe mini ajina. Tunda nake da shi ban taɓa ganin ya yi magana ba murmushi ba. A nan ne tsoro ya kama ni sosai.

Liman Siddiq ya yi mini abin da ba zan iya biya ba. Ya saurare ni har ƙarshe, wanda ko matata ba ta taɓa yi ba. Ya ce ya san ba izgili na yi ba, wauta ce, kuma wauta tana da magani in an yi saurin sha. Bayan sallar magariba ya tsayar da jama'a, ya ce Malam Atiku ya yi tuntuɓen harshe yana neman taimakon 'yar'uwarsa, ga shi zai yi magana. Na miƙe na nemi gafarar Allah, na ce rabon Allah shi ne rabo, babu wanda ya fi shi. Jimla uku na yi na zauna. Ita ce lacca mafi gajarta da na taɓa yi, kuma ita kaɗai aka taɓa yi mini kabbara a kanta.

Wutar titi ta mutu a hankali. Ta gida ce ban san tana ci ba.

Aka sake zama ranar Asabar, mutanen nan dai. Liman ya tabbatar da rabo a inda igiya ta bi. Sannan ya dube ni, na ce a gaban shaidu na ba Yayata Hure abin da ya shigo rabona na ɗakin Inna, kyauta, duniya da lahira. Abin da Rahinatu ta ce in faɗa tun farko ke nan, kalma da kalma, na dai biyo da shi ta doguwar hanya. Dattawa suka yi ta sa albarka. Liman ya juya wajen labule ya ce saura karɓa, don kyauta ba ta tabbata sai an karɓa.

"Na gode," in ji Yaya daga ciki. "Ban karɓa ba."

Liman ya yi nasiha, mai unguwa ya yi, dattijon da ya sa takalmi wancan makon ya tuna mata zumuncin iyaye. Ta ce ta ji, Allah ya saka, a ja katanga inda Allah ya ja. Da suka gaji suka watse, suka bar ni tsaye da Habibu yana naɗe igiya.

Na yi sallama na shiga ɗakin. Tana zaune a bakin gado, jeren kwanukan Inna a bayanta. Na zauna a ƙasa, na gaishe ta kamar ban gan ta ba tun safe, ta amsa duka, har da tambayar Rahinatu da yara. Sannan na ce mata in don maganar mutane ce, ai an kashe ta. Ta ce ita ma ta sha tata; mata sun shigo yi mata jaje, suna tambaya ko ita ta sa ni, don ta ci abin da ba nata ba. Amma ta ce ba wannan ba ne.

"Atiku, tambaya ɗaya za ni yi maka, kuma kada ka yi mani darasi."

"To, Yaya."

"Ran da ka zo da tef ɗinka ina kallonka ta taga. Na ga ka zamna bisa turmi kamar an mutu, na ce ashe yaron nan yana da zuciya. Sai na ga ka yi rubutu, ka tashi kana murna. Shin da awon nan naka ya faɗo ta nan," ta nuna tsakiyar ɗakin, "ya ƙara cin ɗakin, ina za ka ce katanga ta fi kyau?"

Amsar tana da sauƙi. Yaro ma ya san ta. In ce wallahi Yaya da na jefar da awon a rijiya. Kuma ina jin gaskiya ce. Amma ni mutum ne da in aka yi masa tambaya sai ya duba ta, kuma na tsaya dubawa. Na tuna murnar nan ta kan turmi, na tambayi kaina ta mece ce, ta ɗakin da ya tsira ko ta layin da ya faɗi daidai. Ban daɗe ba. Bai fi a haɗiye yawu ba. Amma ta gani.

"Shi ke nan," ta ce.

"Yaya, don ke na yi. Na san ba ki son kyauta, shi ya sa na ɓoye ta."

"Wa ya ce maka kyauta nake so? Shinkafa ce? A ƙasan nan inda kake zamne na kwana har bayana ya daina miƙewa. Na zaci za ka tashi gaban mutane ka ce, ɗakin nan na Hure ne, ta biya shi da jikinta. Sai ka tashi kana maganar katantanwa."

Na ce zan faɗa, a kira su yanzu in faɗa. Ta ce abin da aka roƙa ba shi ne aka bayar ba. Na ce to ni ba zan gina komai a wurin ba, rabona ne, na bar shi haka. Ta ce ita kuma ba ta kwana da ƙafafunta a rabon wani. Duk wannan ba ta ɗaga murya ba. Da zan fita ma sai da ta ba ni dambun nama a leda in kai wa Rahinatu.

Ita ta kira Habibu da kanta, ranar da ta san ina makaranta. Da Khalifa ya bugo mini na hau babur na zo, an riga an fitar da gado da kwanuka, an jera su a rumfa. Ma'aikata biyu suna kan rufi da diga. Ban hana ba. Ba ni da bakin hanawa a ɓangarenta, ita kuma ta riga ta ce a fara daga nata. Laka ta kakanmu ta yi gardama, sai da suka yi gumi. Da ƙafar baka ta farko ta saki, sauran suka biyo ta a tare, da wani nishi mai nauyi, rana ta faɗa cikin ɗakin da ba ta taɓa shiga ba. Bangon ciki ya fito fili, da shuɗin fentin da Inna ta sa aka yi, da tabon hayaƙin fitila a lungun gado. Yaya tana rumfa tana goge kwanuka ɗaya bayan ɗaya, ta ba wurin baya.

Katangar bulo ta tashi cikin mako. Tana nan a kan biyu da ɗaya, miƙaƙƙiya, kuma in faɗi gaskiya ba ta da wani muni. Na so a ce tana da shi.

Da gini ya kai kafaɗa, Habibu ya dakata a wajen tsakiya inda ya bar giɓi, ya kira mu duka biyu, ni ta yamma, ita ta gabas. Ya ce bisa al'ada in 'yan'uwa suka raba gida akan bar 'yar ƙofa a tsakani, don miƙa wuta da abinci da zirga-zirgar yara, ba sai an zagaya ta titi ba. Ya tambaya ko a bari, kuma a ina. Da ya ce a ina, ni ya kalla, har da ɗan murmushi, yana jiran in ciro tef.

Na sa hannuwana a aljihu na riƙe su. Na ce Yaya ce babba.

Ta daɗe tana kallon giɓin. Ta kan bulo nake hango rabin fuskarta, ta rame, kuma ta fi kama da Inna fiye da yadda na taɓa lura. Ba ta dube ni ba.

"Ka bar wurin ƙofar," ta ce wa Habibu. "Amma ka cike shi da bulo."

Habibu ya ce to ai in za a cike, ba ƙofa ke nan, Hajiya.

"Ka jera su haka nan. Kada ka sa siminti."

Ta juya ta koma rumfa. Habibu ya dube ni, na ɗaga masa kai. Ya fara jera bulon a giɓin, busassu, ɗaya bisa ɗaya, ni kuma na tsaya a ɓangarena ina miƙa masa, har suka rufe mini ita.